Shiga Dajin Shura da Kwalekwale: Lissafin Dawowa Ake Fara Yi

Ni ɗan Yauri ne. Kafin in iya rubuta sunana na iya riƙe filafili, domin a bakin Kwara gidanmu yake, kuma da kwalekwale kakana ya ciyar da iyalinsa har ya koma ga Allah. Da aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya kawo ni Jizan, a kudancin Saudiyya, na ɗauka in dai maganar ruwa ce ba ni da sauran malami. A shekarata ta biyu Bahar Maliya ta zaunar da ni cikin laka, ni da ɗan yayata, tun kafin azahar har bayan la'asar, da gorar ruwa ɗaya tsakaninmu.

Abin da ya faru ba shi da wani tsawo. Mun ari kwalekwalen roba mai ɗaukar mutum biyu, muka shiga wani lungu na dajin shura, itacen da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku, da hantsi, ruwa ya cika har yana taɓa ganye. Ciki shiru, ba iska, ba igiyar ruwa, sai zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya yana kallonmu. Muka yi ta kutsawa muna ɗaukar hoto. Can yaron ya ce, "Kawu, ruwan nan fa kamar guduwa yake yi." Na ce masa ya yi shiru ya ja filafili, ni da aka haifa a ruwa. Kafin mu juya, cikin jirgin ya zauna daram a kan laka. Da ruwan ya dawo ya ɗaga mu, iskar yamma ta riga ta tashi, kuma tsakaninmu da inda muka ajiye mota akwai buɗaɗɗen ruwa da sai mun tsallaka muna fuskantarta. Tafiyar da muka yi cikin minti ashirin da safe sai da ta ci mana fiye da sa'a ɗaya da rabi. Yaron ya yi amai sau biyu saboda ƙishi da rana.

Yanzu kowace Juma'a da Asabar ina ganin samarinmu daga Sabya da Abu Arish, har da masu zuwa hutu daga Jidda da Makka, suna karɓar hayar kayak, wato irin wannan kwalekwalen roba, suna faɗawa ruwa da waya a hannu. Don su nake wannan rubutu. Dajin shura kansa ba ya faye cutar da kowa. Wajen dawowa ake samun matsala, don haka da lissafin dawowa ake farawa tun ana gida.

Bari mu fara da itacen. Shura shi ne wanda za ka gani a kusan duk gaɓar Bahar Maliya, daga Jizan har Kunfuza, Lis, Shu'aiba da Yanbu, wasu kuma suna ce masa gurm. Gajere ne, ganyensa kore a sama, toka-toka a ƙasa, in ka lasa za ka ji gishiri, domin ta ganyen yake fitar da gishirin da ya sha. Abin da ya shafe ka kai matuƙi shi ne saiwarsa. Tana fitowa daga laka a tsaye kamar an kakkafa dubban fensir, da ita yake shaƙar iska. Duk inda ka ga kawunan waɗannan tsinkayen sun fara leƙowa saman ruwa, wurin ba zurfi, kuma in ɗazu ba ka gan su ba yanzu ka gan su, to ruwa ja da baya yake. A tsibiran Farasan akwai na biyu, ƙandal, wanda mutanen nan ke furtawa gandal. Shi dogo ne, ganyensa kore shar mai ƙyalli, saiwarsa na saukowa daga jikin kututture kamar ƙafafun gizo-gizo. Hanyoyin cikinsa sun fi zurfi, sun fi inuwa, sun kuma fi saurin ɓatar da mutum. Jikin saiwoyin nan akwai 'yan ƙananan kwanson ruwa masu kaifi kamar reza, shi ya sa ban yarda da jirgin da ake hurawa da iska ba a irin wannan wuri.

Mutumin kogi ya san ruwa na cika da damina ya janye da rani. Na teku sau biyu yake cika sau biyu yake janyewa a yini da dare ɗaya. Kusan sa'a shida da 'yan mintoci yana hawa, kusan haka yana sauka, kuma kowace rana lokacin na jinkirta da kamar minti 50. In yau ruwa ya cika ƙarfe takwas na safe, gobe sai wajen tara saura, jibi tara da rabi da wani abu. Larabawa na ce wa cikar madd, janyewar kuma jazr. A Jidda bambancin kaɗan ne ƙwarai, har mutum zai iya shekara bai lura ba, shi ya sa 'yan Jidda in sun zo kudu suke shan mamaki. A Jizan da Farasan ya fi haka. Ba wani tashi ne mai ban tsoro ba, amma a wurin da zurfinsa duka iya gwiwa ne, ko taki biyu ruwa ya sauka ka zama mai tuƙi a tudu.

Mu da ke ƙirga watan Musulunci muna da sauƙi a nan. Ruwa ya fi hawa sosai ya kuma fi janyewa sosai a farkon wata da kuma tsakiyarsa, wajen 14 da 15, lokacin da wata ya cika. Wajen 7 da 22 motsinsa kaɗan ne. Akwai kuma na shekara: a Bahar Maliya ruwa ya fi tsayi da sanyi, ya fi sauka da zafi, har wasu filayen shura da ake shiga da jirgi a Janairu su koma busasshiyar laka mai farin gishiri a Yuli. Kada ka dogara da cewa bara ka bi ta nan.

Wani dattijo Bahaushe haifaffen nan, wanda kakansa ya zo aikin Hajji da ƙafa ta Sudan bai koma ba, shi ya gyara mini wannan karatun bayan ya gama yi mini dariya. Ya shekara arba'in yana kamun kifi da huri, ɗan siririn kwalekwalen katako na mutanen gaɓar nan. Na ce, "Baba, to yaya ake yi?" Ya ce, "Ɗana, ka shiga tare da ruwa, ka fito tare da shi. Kai ka shiga yana sallama." Ma'ana, ka shiga daji saura kamar sa'a biyu ruwa ya gama cika, yana tura ka ciki. Da ya tsaya cak, ka juya. Sa'a ta farko ta janyewarsa ita za ta rako ka waje, ko filafilin ma ba sai ka matsa ba. Jadawalin cika da janyewa yana nan a waya, ka nemi na tashar da ta fi kusa da inda za ka, ka rubuta sa'ar a bayan hannunka da biro. Ni har yau haka nake yi.

Sai iska, wadda ita ce babbar. Da asuba teku kan kwanta lumui kamar an shimfiɗa tabarma. Rana na ɗagawa ƙasa ta ɗau zafi, iska ta fara kaɗowa daga teku zuwa tudu, ta yi ƙarfi bayan azahar, ta kai matuƙar ƙarfinta wajen la'asar. Kusan kullum haka ne. Saboda haka fita ta bayan sallar asuba ce, a dawo kafin azahar. In jadawalin ruwa na wannan makon bai dace da safiya ba, a bar shi sai mako mai zuwa. Ban da wannan akwai iskar lokaci. Daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, a kudancin Bahar Maliya iskar kudu ce ke mulki, wadda ake kira azyab, tana iya yin kwanaki tana busawa da ƙarfi. Da zafi kuma ta arewa maso yamma ce, kuma a Jizan ita ke zuwa da gubra, ƙurar nan da ke rufe gari daga Yuni zuwa Agusta, wadda sai ta tuna maka hazon hunturu, sai dai ita da zafi take tafe. Ranar gubra ba ranar ruwa ba ce, don gaɓar ma ɓace maka za ta yi.

Ka duba hasashen cibiyar yanayi ta ƙasa da daddare, ka sake dubawa da asuba. Ga sabon shiga, in iska ta haura kilomita 18 a sa'a, ya zauna gida. In ka iso bakin ruwa ka hangi kawunan igiya suna fari-fari kamar garken tumaki, ba sai ka tambayi waya ba. Wadda ta fi yaudara ita ce mai busowa daga tudu zuwa teku: a bakin gaɓa ruwa lafiya lau, domin tudun ya kare shi, amma da ka yi nisa kaɗan sai ta kama bayanka ta yi waje da kai, kuma ƙara nisa ƙara ƙarfinta. Dokar da ba na karyawa ita ce in fara tafiya ina fuskantar iska tun da sauran ƙarfina, in dawo tana tura ni. In kuma na san za ta juya da rana, sai in ajiye mota a inda za ta kai ni.

Kan jirgi, wanda ake zama a samansa ya fi wa sabon shiga, mai 'yan ramuka a ƙasa da ruwa ke zurarewa da kansa. In ya kife ba ya cika da ruwa, ba kuma abin da zai riƙe maka ƙafa. Kafin ka karɓa daga mai haya ka juya shi ka duba cikinsa ko da tsaga, ka tabbatar toshiyar bayan nan a ɗaure take, ka ɗaga ka ji ko akwai ruwa na kai-kawo a cikin cikinsa. In mai hayar ya nuna gajiya da tambayarka, ƙyale shi, ba shi zai hau ba.

Rigar hana nutsewa, wadda a nan ake ce wa sutra, a jiki ake sa ta, a ja maɗaurinta. Ka sa wani ya kama kafaɗunta ya ja sama, in ta taho har kunnenka to ta yi maka yawa. Na san abin da ɗan bakin kogi zai ce, don ni ma na faɗa: ai na iya ruwa. A Wara, can ƙasarmu ta Kebbi, jirgin da ya nutse a 2021 ya tafi da mutane da yawa, kuma yankin ne da yara ke koyon iyo kafin su shiga makaranta. Ruwa na cin gwani. Mutumin da rana ta buga, ko kunamar ruwa, wato kifin nan mai faɗi da ƙaya a wutsiya, ta harba, ko jirgi ya doke shi a ka, iyawarsa ba ta da amfani a wannan minti.

Kada ka hau da jallabiya. In ta jiƙe nannaɗe ƙafa take yi, ka kasa wutsil-wutsil. Dogon wando mara nauyi da riga mai dogon hannu, hula mai baki da igiya a haɓa, shi ke nan. 'Yan'uwa mata da ke zuwa da iyali, akwai kayan ruwa masu rufe jiki duka, ana sayarwa a kasuwa, sun fi abaya aminci nesa ba kusa ba, a kuma cusa bakin mayafi cikin sutra. Takalmi mai rufe ƙafa mai igiya, ba silifa ba. Laka ta ci silifas ɗina guda biyu a rana ɗaya.

Ruwan sha ka lissafa lita ɗaya ga kowane mutum a kowace sa'a, ka ƙara biyu na ko-ta-kwana, ka riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya zo. Dabino da ɗan abu mai gishiri. In kai ko abokin tafiyarka ya fara ciwon kai, jiri, tashin zuciya, a nemi inuwa a jiƙa masa kaya a juya gida. In ya fara magana ba kan gado, wannan bugun rana ne, a kira agaji nan take ana zuba masa ruwa. Da azumi ni ba na fita ko kaɗan. Waya a cikin jakarta ta roba, a rataye a jikin sutra, kada a jikin jirgi, don in kun rabu da jirgin ta kasance tare da kai. Usur a wuya, busa uku alamar neman taimako ce. 'Yar tocila, igiya mai tsawon kamu goma, da wuƙa ƙarama saboda tsofaffin taru da zaren kamun kifi da ke maƙale a saiwa.

Akwai maganar hukuma, kuma mu baƙi ya kamata mu fi kowa kiyaye ta. Gaɓar teku a Saudiyya a hannun Harasul Hudud take, masu tsaron iyaka. Kafin ka sa jirgi a wurin da ba ka saba ba, ka je ofishinsu mafi kusa ka tambaya ko an yarda, da abin da suke buƙata. Iƙamarka, wato katin izinin zamanka, ta kasance tare da kai. Lambarsu ta gaggawa 994, ta motar asibiti 997. Kudu da Jizan iyakar Yaman ce, ba wurin yawon buɗe ido ba ne, kada sha'awar wani tsibiri ta ja ka can. Farasan kuwa wuri ne mai kariya, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta sa shi cikin jerinta na wuraren kare halittu a 2021, akwai inda ba a shiga sai da izini. Jirgin da ke kai mutane can daga tashar Jizan kyauta ne, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu, amma sai ka yi rajista da wuri, musamman a Afrilu lokacin bikin kifin harid. Yanke shura laifi ne mai tara. A gida kuma ka bar wa wani bayani: ga inda muka shiga, ga launin jirginmu, in ƙarfe ɗaya ta yi ba ka ji ni ba ka kira 994. Ka faɗa masa sa'ar, kada ka ce masa "in na daɗe". Kuma kada ka fita kai kaɗai.

Tuƙin kansa ba wuya. Filafilin kayak baki biyu ne, ba irin namu na gida ba. Ɗora shi a ka, ka buɗe hannu har gwiwar hannunka ta yi kusurwa, nan ne mariƙinka. Zauna a miƙe, tafin ƙafa a kan matokari, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Tsoma bakin filafili wajen yatsun ƙafarka, ka fitar da shi daidai ƙugu. Da ƙugu da baya ake ja, ana murza jiki, wanda ya ja da damtse kawai kafin rabin sa'a ya gama. Sabon shiga yakan yi kilomita 3 zuwa 4 a sa'a in ruwa a kwance yake, da wannan za ka auna nisan da za ka iya. In jirgi ya karkata kada ka kama gefensa, mari ruwan da bayan filafili ka sake ƙugunka, kanka a tsakiya. In ku biyu ne, mai nauyi da gwaninta a baya, na gaba ya ba da kiɗa na baya ya bi.

Cikin daji kowane lungu kamar ɗan'uwansa yake. Hanyar da ka shigo ta, in ka juyo, sai ka rantse ba ka taɓa ganinta ba. A kowace mararraba ka tsaya ka waiwaya, ka ga yadda take ta fuskar dawowa, ka riƙe wata alama: busasshen reshe, sheƙar tsuntsu, wani kututture mai baki biyu. Kunna abin da ke zana sawunka a taswirar waya tun daga bakin ruwa, domin sabis na ɗaukewa a ciki amma zanen ba ya tsayawa. In duk ka rikice, jefa ganye a ruwa. Lokacin janyewa, inda ganyen ya nufa nan ne teku. Bi tsakiyar hanya inda ruwa ya fi duhu. Wajen kwana, gefen waje ya fi zurfi, kamar dai a kogi. Kunnenka kuma a buɗe, saboda jiragen inji masu kai 'yan yawo cikin gandal suna fitowa kwana ba sallama. In ka ji ƙara ka raɓe dama, ka juya hancin jirginka ya fuskanci igiyar da zai bari.

In ka yi shiru za ka ga abin kallo. Ƙaguwa masu hannu ɗaya babba suna ɗaga shi kamar masu gaisuwa, kwasakwasa, zalɓe mai tsayin yaro, gaggafar kifi a saman busasshen itace. A ruwan Farasan akwai wata dabba 'yar'uwar ayu, mai kiwon ciyawar ƙarƙashin ruwa, sau ɗaya tak na ga bayanta ta nutse. A gaɓar Jizan kuma sai ka ga raƙuma sun shiga ruwa har ƙirji suna cin ganyen shura, abin da in na faɗa a Yauri ba a yarda. In tsuntsu ya tashi daga sheƙa saboda kai, ka matso da yawa, ja baya, don ƙwai ba ya jure ranar nan ko na ɗan lokaci.

To in ka makara ruwa ya gudu ya bar ka fa? Abu na farko, zauna a jirginka. Lakar shura ba irin taɓon fadama ba ce. Baƙa ce, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wani wuri iya idon sawu, taku ɗaya gaba ta kai cinya. Ranar da abin ya same mu na sauka da niyyar jan jirgi, ƙafar dama ta nutse har gwiwa, da na yunƙura ta hagu ta bi ta. Yaron ne ya turo mini jirgin na kwanta a kansa da ƙirji, na riƙa murza ƙafa a hankali ɗaya bayan ɗaya har ta saki. In ta kama ka haka za ka yi: kada ka fizga, shimfiɗa nauyinka a kan jirgi ko filafili. In da sauran ɗan ruwa iya tafin hannu, kana iya kwanciya rabi a kan jirgin kana tura shi da ƙafa ɗaya. In babu, yi inuwa da abin da kake da shi, kira gida ka faɗa musu, ka raba ruwan sha, ka jira. Ruwan zai dawo cikin 'yan sa'o'i. Abin da za ka yi tunani a kai shi ne iskar da za ka tarar in ya dawo, da kuma duhu, don nan magariba na yi dare ya rufa, sauro da ƙananan ƙwari masu cizo su fito, Jizan kuwa an san ta da zazzaɓin dengi. In lissafin bai fita ba, kira 994 tun da rana. Kunyar minti goma ce.

Inda ƙasa yashi ce kana son sauka, ja ƙafarka a ƙasa, kada ka ɗaga ka taka. Kunamar ruwa na binne kanta a yashi, wata mai ɗigon shuɗi a baya, in ta ji motsi sai ta gudu, in ka taka ta kuwa ta harbe ka da wutsiya. Wajen duwatsun murjani akwai kifin da ya yi kama da dutse, dafinsa ya fi nata, da kuma baƙar bushiyar ruwa mai dogayen ƙaya. Maganin farko na harbin kunamar da na kifin dutse ɗaya ne: a tsoma wurin a ruwa mai zafi iya wanda fata za ta jure, kamar digiri 45, na rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya da rabi, a wuce asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa. Shi ya sa fulas ɗin shayina ba ya zama a gida. Dodon koɗi mai siffar mazurari mai kyan zane, kada ka ɗauka, yana harbi.

Buɗaɗɗen ruwa, wato manyan tafkunan gishiri da ke bayan gaɓa irin na Shu'aiba, ko faɗin da ke tsakanin daji da inda ka ajiye mota, shi ne inda ake kifewa. Da yake ba zurfi, in iska ta taso igiyarsa gajeru ne masu tsini, suna zuwa a jere ba hutu. Kada ka yanke ta tsakiya don gajarta hanya. Bi gefe ko da ya ninka nisa, a inda in ka faɗa za ka iya kaiwa gaɓa. In dole sai ka tsallaka, kada igiya ta same ka a haƙarƙari, karɓe ta da hanci a ɗan karkace, kuma kada ka daina ja, jirgin da ke tafiya ya fi na tsaye zama. Auna wuri sama da inda kake so, ta ɓangaren da iska ke zuwa, don tana zare ka gefe ba ka sani ba. Yadda za ka gane: haɗa abu biyu a gaɓa, ɗaya kusa ɗaya nesa, kamar itace da turken waya. In suna rabuwa, ana tafiya da kai. Bakin mashigi inda tafki ke haɗuwa da teku, lokacin janyewa ruwa na fita da gudu kamar Kwara a watan Satumba. Ka nisance shi.

In ka kife, riƙe jirgi kafin komai, don iska na tafiya da shi fiye da yadda za ka iya iyo. Ko gaɓa na kusa a ido, kada ka bar shi, mai nema ya fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Miƙa hannu ta samansa ka kamo ɗaya gefen ka jawo ya birkice daidai. Tsaya daidai wurin zama, bar ƙafafunka su taso bayanka saman ruwa, ka buga su ka zame kan jirgin da ciki kamar kada na hawa yashi. Ka huta a haka, sannan ka juya ka zauna, ka shigo da ƙafa. A rubuce abin da sauƙi. Je ka gwada sau biyar a ruwa iya ƙirji ranar da ba iska, da sutra a jikinka, kafin ranar da za ka buƙace shi.

Wasu na tambayata tafkunan dam, irin na Wadi Jizan wajen Abu Arish da na Wadi Baish. Kada ka sa jirgi sai hukumar wurin ta yarda, kuma iyo a dam abu ne da jami'an Difa'ul Madani, masu aikin ceto da kashe gobara, suke hanawa. Inda aka yarda, ka tuna ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga mutum ba, akwai itatuwa a nutse, iska na faɗowa daga duwatsu ba zato, kuma ana iya yin ruwa a can saman dutse rana na haskawa a kanka sai ga ambaliya da itace da komai. Nesa da bangon dam. Ka ji tsawa, fita. Kwantaccen ruwan yankin nan kuma an san shi da tsargiya, mu 'yan bakin kogi ba sai an yi mana bayaninta ba.

In kun fito, kira na gida tun kafin ka ɗaure jirgi a mota, kada ya tayar da hukuma kana zaune kana shan shayi. Wanke filafili da sutra da zik ɗin jaka da ruwan famfo, gishirin Bahar Maliya na cinye ƙarfe cikin 'yan makonni. Duk wani ƙwarzane da kwanso ko murjani ya yi maka, wanke shi da sabulu a ranar, in ya yi ja ya kumbura washegari ka kai shi asibiti.

Ɗan yayar nan nawa yanzu ya girma, shi ke zama a baya. Daren Alhamis zai turo mini hoton jadawalin ruwa ya rubuta a ƙasa, "Kawu, cika tara da kwata, iskar kudu ce, mu ajiye mota ta arewa." Ni dai nawa in kawo fulas da dabino.